Kad rida ta Transcend RDF5: matsalolin memori da take warwarewa da waɗanda suka fi ƙarfinta

Duk mai sana'ar wanke hotuna, buga takardu ko tura fayiloli a garin Bauchi ya saba da jin abokin ciniki yana cewa, "Malam, memorina ya ƙone." A mafi yawan lokuta kuwa memorin lafiyarsa ƙalau, na'urar da aka sa shi a cikinta ce shekarunta suka wuce na katin, don haka ba ta fahimtarsa. Ina da ƙaramin shago a Yelwa, inda ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji suke kawo aiki, haka ma masu ɗaukar hoton biki da suna, kuma na daɗe ina amfani da wata tsohuwar kad rida, wato na'urar da ake soka wa kwamfuta don karanta katin memori, marar sunan kamfani, irin mai ramuka da yawa da ake cewa tana karanta kowane kati. Na maye gurbinta da Transcend RDF5, kuma hukuncina a kanta shi ne ta cancanci kuɗinta ga duk wanda yake karɓar katin jama'a, amma akwai matsaloli da dama da ake ɗora wa kad rida alhali ba nata ba ne, waɗanda sabuwar na'ura ba za ta taɓa kawar da su ba.

Tsohuwar tawa tana karanta katin giga 1 da na giga 2 ba tare da gardama ba, amma da zarar an sa mata na giga 8 ko 16, sai fitilarta ta kama, kwamfuta ta nuna harafin faifai, idan an danna kuma ta ce a saka faifai, kamar ba a sa komai ba. Wannan alamar ita ce ke sa mutane su yanke hukuncin cewa katin ya mutu, wasu ma har su jefar da shi. Dalilin yana cikin tarihin katin kansa. Kamfanonin SanDisk da Panasonic da Toshiba ne suka fito da katin SD a 1999, aka kafa ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojinsa a farkon 2000, kuma zubin farko bai wuce giga 2 ba. A 2006 aka fito da SDHC, wanda ya kama daga sama da giga 2 zuwa 32, a 2009 aka sanar da SDXC, daga sama da giga 32 zuwa terabait 2, sannan a 2018 aka ƙaro SDUC mai kaiwa terabait 128, wanda har yanzu ba abin da ya shafi kasuwarmu ba ne. Girman jikin katin bai canza ba a duk waɗannan shekaru, ramin ma bai canza ba, shi ya sa kati na yau yake shiga na'urar 2004 daram, mai shi ya ɗauka cewa tun da ya shiga dole ya yi aiki.

Abin da ya canza shi ne yadda na'ura take neman wuri a cikin katin. Zubin farko yana ƙirga ma'ajiyarsa bait ɗaya bayan ɗaya, SDHC da SDXC kuwa suna ƙirgawa ne da dunƙule, kowane dunƙule bait 512. Kamar mutum ne ya shiga Kasuwar Muda Lawal yana ƙirga masara da ƙwaya, mai kaya kuma lissafinsa da buhu yake yi, ko sun ambaci lamba ɗaya ba abu ɗaya suke nufi ba. Domin kada irin wannan saɓani ya lalata bayanai, an tsara cewa lokacin da aka sa katin, sai na'urar ta fara sanar da shi cewa ta san sabon lissafin, in ba ta yi ba katin ba zai amsa cewa ya shirya ba. Tsohuwar kad rida da aka ƙera kafin 2006 ba ta san da wannan tambaya ba balle ta yi ta, saboda haka katin yakan yi shiru, ita kuma ta gaya wa kwamfuta cewa ramin babu kowa. Babu wata manhaja da za a sauke a kwamfuta ta gyara wannan a irin waɗannan ƙananan na'urori marasa suna, domin matsalar tana cikin ƙwaƙwalwar na'urar ce, kuma yi wa katin fomat sau goma ba zai mayar da shi zubin farko ba.

Tsakanin SDHC da SDXC labarin daban ne, kuma nan ne hatsarin ya fi yawa. Duka biyun lissafin dunƙule suke yi, don haka na'urori da yawa da aka rubuta musu SDHC kawai suna iya ganin katin giga 64 ko 128. Bambancin da ke damun mutane shi ne tsarin jera fayil. Katin SDHC yana zuwa da FAT32, na SDXC kuma da exFAT, tsarin da Microsoft ya fito da shi a 2006. Windows 7 da duk waɗanda suka biyo bayansa sun san exFAT, Vista ya san shi daga babban gyaransa na farko, Mac daga 10.6.5, Linux kuma ya shigar da shi cikin jigonsa a 2019, amma Windows XP sai an ƙara masa gyaran da ake kira KB955704. Har yanzu akwai shagunan buga takardu da ke riƙe da tsofaffin kwamfutoci masu XP saboda wata firinta ko sikana da ba ta aiki da sabon Windows. Idan aka sa katin giga 64 a irin wannan kwamfuta, na'urar ta gan shi, amma kwamfutar ba ta gane tsarinsa ba, sai ta fito da saƙo cewa ba a yi wa faifan fomat ba, ta kuma tambaya ko a yi masa yanzu. Yaron shago da ke cikin sauri yakan amsa da e, kuma a wannan dannawa guda hotunan ɗaurin aure ko na hawan sallah sukan ɓace daga gani. Duk lokacin da wannan saƙo ya fito a kan katin da aka san yana da kaya a ciki, abin yi shi ne a rufe saƙon, a cire katin, a gwada shi a wata kwamfutar. In kuma an riga an danna, kada a ƙara rubuta komai a katin, domin manhajoji irin su PhotoRec da Recuva, ko RecoveRx da Transcend ke bayarwa kyauta, suna iya dawo da mafi yawan fayilolin muddin ba a ɗora sababbi a kansu ba.

Ita RDF5 ƙaramar aba ce mai kamar fulashi, sai dai ta fi shi faɗi, tana da murfi, da ramuka biyu, ɗaya na babban katin SD irin na kyamara, ɗaya na microSD irin na waya, da fitila da ke nuna ana karatu ko rubutu. Kamfanin Transcend na ƙasar Taiwan ne, kuma ya rubuta a jikin kwalin cewa tana ɗaukar SDHC da SDXC, da saurin UHS-I, wato tsarin gudu na sababbin katuna. Ba ta buƙatar a sa mata wata manhaja a Windows, ana sokawa take bayyana. Duk katunan da tsohuwar na'urata ta ƙi, waɗanda lafiyarsu ƙalau, wannan ta buɗe su, kuma tana karanta komai daga tsohon katin megabait 512 da wani dattijo ya ciro daga kyamararsa zuwa katin giga 128 na masu ɗaukar bidiyo, domin ƙa'idar ita ce sabuwar na'ura tana karanta tsohon kati, tsohuwa ce ba ta karanta sabo.

Ramin microSD da take da shi na kansa ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. Ƙaramin kati yakan zo da adafta, wato wannan ɓawon roba mai siffar babban kati, wanda babu komai a cikinsa sai siraran ƙarafa da ke haɗa haƙora 8 na ƙaramin da haƙora 9 na babban. Waɗannan ƙarafa sukan saki bayan an yi ta zare kati ana mayarwa, kuma a gefen adaftar akwai wani ɗan maɓalli na kullewa da yake zamewa da kansa idan ya yi sako-sako, sai kwamfuta ta ce katin a kulle yake ba a rubutu a cikinsa. Maɓallin nan ba shi da wata alaƙa da wutar katin, na'urar karantawa ce take taɓa shi ta ga inda yake, sannan ta hana rubutu. Wanda ya sa ƙaramin katin kai tsaye a raminsa ya huta da wannan duka. Amma idan katin waya, ba tare da adafta ba, ya ci gaba da ƙin karɓar rubutu ko gogewa a kowace na'ura, to yawanci ya kai ƙarshen rayuwarsa ne ya kulle kansa, kuma abin da ya rage shi ne a kwashe kayan da ke ciki tun yana buɗewa.

Game da sauri, bambancin a bayyane yake, amma da sharaɗi. RDF5 tana aiki da USB 3.0, wanda daga baya aka sake wa suna 3.1 Gen 1, mai gudun gigabit 5 a daƙiƙa, yayin da USB 2.0 ya tsaya a megabit 480, USB 1.1 kuma a megabit 12 kacal (megabit 8 ne ke yin megabait 1). Tsofaffin na'urori ba su san UHS-I ba, don haka ko an ba su kati mai gudu ba za su wuce megabait 25 a daƙiƙa ba, alhali UHS-I yana kaiwa 104. Lissafin mai sauƙi ne: bidiyon giga 32 a kan megabait 20 a daƙiƙa zai ci kusan minti 27, a kan 80 kuma bai kai minti 7 ba, a kan USB 1.1 kuwa sai an yi awa 6 ko fiye ana jira. Ga shagon da ke tsoron ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki, ko yake ƙona fetur a janareta, wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman da yake yankewar wuta lokacin da ake rubutu tana daga cikin abubuwan da ke hargitsa tsarin fayil na kati. Sharaɗin shi ne a soka ta a kafar USB 3.0, wadda galibi cikinta shuɗi ne. A baƙar kafa ta tsohuwar kwamfuta za ta yi aiki, za ta kuma karanta manyan katuna, sai dai gudunta zai sauko zuwa na USB 2.0. Haka nan kati mai alamar aji 4, wato mai jinkiri, ba zai zama mai gudu ba don an sa shi a na'ura mai gudu. A kwamfutar tebur na fi samun natsuwa da kafofin baya fiye da na gaba, domin na gaba ta waya ake jawo su, kuma a tsofaffin akwatuna sukan yanke suna dawowa.

Akwai abubuwan da ba ta yi, kuma ya kamata mai saye ya sani. Bakinta na USB irin babba ne na da, don haka ba ta shiga wayar Android ko sababbin laftof masu kafar USB-C kaɗai sai da wata mahaɗa. Ba ta da ramin CompactFlash, wanda wasu tsofaffin manyan kyamarorin ƙwararru ke amfani da shi, kuma wannan ne kawai dalilin da ya sa ban jefar da tsohuwar na'urata ba. Katin UHS-II, mai layin haƙora biyu a bayansa, za ta karanta shi, amma da saurin UHS-I, saboda ba ta taɓa layi na biyun. Faɗinta kuma yakan rufe kafar da ke maƙwabtaka da ita a laftof ɗin da kafofinsa suke a matse, abin da gajeren kebul na ƙari yake magancewa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da na ɗauka aibi ne babba ga na'urar da aka yi don katin waya da na ƙananan kyamarori.

Katin jabu shi ne babbar matsalar da babu kad ridar da za ta gyara, kuma shi ne ya fi jawo wa masu shago zargi. Ana ɗaukar ƙaramin kati, a ce mai giga 8, a sauya bayanan da yake faɗa game da kansa ya riƙa cewa shi giga 64 ko 128 ne, a buga masa sunan sanannen kamfani. Kwamfuta za ta nuna girman ƙaryar, fayilolin farko za su shiga lafiya, amma da an wuce ainihin girmansa, abin da aka ƙara ko dai ya tafi a banza ko ya hau kan na farko. Mai shi zai ga sunayen hotuna da bidiyo suna nan, sai dai ba sa buɗewa, ya dawo yana cewa na'urar shago ce ta ɓata masa. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna H2testw da ke cika katin da bayanai sannan ta karanta su ta faɗi ainihin abin da ya zauna, kuma a nan saurin RDF5 ya yi mini amfani ƙwarai, domin gwajin da a da yake cinye yini yanzu ana gama shi mai kati yana zaune. Sai dai a bambanta jabu da ragin da ke halal: katin giga 64 na gaskiya yakan nuna kimanin 59 a Windows, saboda kamfani yana ƙirga giga da dubu-dubu, kwamfuta kuma da 1024. Wanda ya ga 59 ba a cuce shi ba. Wanda aka sayar wa terabait 1 a farashin giga 16 a kan tiren mai yawo, shi ne ya kamata ya yi gwajin kafin ya ɗora wani abu mai daraja.

Matsala ta biyu daga waya take zuwa. Tun daga Android 6.0 na 2015, wasu wayoyi idan aka sa musu sabon kati sukan tambaya ko a yi amfani da shi a matsayin ma'ajiyar tafi-da-gidanka ko a haɗe shi da ma'ajiyar cikin waya. Wanda ya zaɓi na biyun, wayar takan rufe katin da mabuɗin sirri da ita kaɗai ke riƙe da shi, ta kuma sauya tsarinsa zuwa wanda Windows ba ya karantawa. Irin wannan kati ko a wace na'ura aka sa shi, saƙon fomat zai fito, kuma hanya ɗaya ta kwashe kayan ita ce a mayar da shi wayar da ta rufe shi, a haɗa wayar da kwamfuta ta kebul. Idan an riga an goge wayar an mayar da ita sabuwa, mabuɗin ya tafi ke nan. Na sha yi wa iyaye mata wannan bayani, ina cewa, "Hajiya, a dawo da wayar da katin yake ciki, ba katin kaɗai ba," kuma yawanci da wayar ta zo aikin yake ƙarewa cikin ɗan lokaci.

Ƙura kuwa, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu lokacin hunturu, tana shiga ramin kowace na'ura, sabuwa ko tsohuwa, kuma katin da aka ajiye a aljihu ko cikin jaka tare da kuɗi yakan yi dauɗa a haƙoransa. Ɗan auduga da sifirit, a bari ya bushe, ya isa. Ba a lasa, ba a kuma kankare shi da reza.

Sai batun ramin kati da ke jikin laftof, wanda mutane da yawa suke tambayata ko bai wadatar ba. A kwamfutocin hannu da ake shigo da su daga Turai da Amurka, waɗanda suka cika shagunan Wunti, ramin yana dogara ne da manhajar direba, wadda ke sa Windows ya gane shi, ta kamfanin da ya ƙera ƙwaƙwalwarsa, irin su Realtek da Ricoh da O2 Micro. Idan aka sake wa kwamfutar Windows ba a mayar da wannan direba ba, ramin yakan yi kamar ya mutu, ko ya karanta ƙananan katuna ya ƙi manya. Wani lokaci sauke direban daga shafin kamfanin kwamfutar yana gyarawa, amma neman nasa ga injin da ya shekara goma sha biyar yana cin data da lokaci, kuma a ganina ya fi sauƙi a bar ramin a sa na'urar waje. Wani abin da ya kamata a duba kafin a zargi na'ura shi ne sashen Windows da ke nuna duk faifan da ke haɗe, wanda a sababbin Windows ake samu idan aka danna maɓallin Start da ɓangaren dama na linzami. Idan katin ya bayyana a can da girmansa amma ba shi da harafi, ba shi harafi kawai ya rage.

Sabuwar kad rida ba ta sabunta sauran na'urorin gida. Ƙananan rediyo masu ramin memori da dattawa ke sauraron tafsiri da karatun Alƙur'ani da su, da rediyon mota, da tsofaffin kyamarori, galibinsu FAT32 kawai suka sani. Mai tura karatu zai iya cika katin giga 64 ta RDF5 ba tare da matsala ba, mai shi ya kai gida rediyon ya ce babu kati. Wasu daga cikin waɗannan na'urori suna karɓar babban katin idan aka mayar da shi FAT32, amma akwatin fomat na Windows da aka saba da shi ba ya ba da wannan zaɓi ga abin da ya wuce giga 32, sai an nemo wata manhaja, kuma FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai giga 4, abin da ba ya damun karatu amma yana damun dogon bidiyo. Shawarata ga mai irin wannan rediyo ita ce ya tsaya a giga 16 ko 32, ga mai kyamarar da ta girmi 2006 kuma ya nemi na giga 2, ko da yake samunsa a kasuwa ya fara wuya. Katin kyamara an fi so a yi masa fomat a cikin kyamarar, in kuma a kwamfuta ne, to da manhajar SD Memory Card Formatter da ƙungiyar SD ke bayarwa kyauta, wadda ke zaɓa wa kowane kati tsarin da ya dace da zubinsa.

Farashinta yana hawa da sauka tare da dala kamar sauran kayan waya, kuma ta fi marasa suna tsada, amma ba ta kai kuɗin katin kirki mai girma ba. Wajen saye, a duba alamar SDXC a jikin kwalin, domin ita ce shaidar cewa za ta ɗauki abin da ya wuce giga 32, kuma a je da katin giga 64 mai ɗauke da babban bidiyo a nemi mai shago ya kwafe shi a gaban mai saye ta shuɗiyar kafa. Kamar yadda ake jabun kati, haka ake jabun na'urar, kuma ta jabu takan zo da shuɗin baki amma cikinta na USB 2.0 ne, saboda haka idan kati mai alamar U3, wato mai gudu, ya kasa wuce megabait 40 a daƙiƙa a wannan gwaji, a nemi wata a gwada kafin a biya.